Umma ta ajiye maganin hawan jini saboda ƙwayoyin da aka aiko daga Indiya

Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyarmu tana da shekara 63, kuma ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Yayana da ke karatu a Indiya ya haɗa ta da wani likitan homiyofati ta kiran bidiyo, ya yi kusan awa guda yana yi mata tambayoyi, daga baya aka aiko mata da 'yan kwalabe masu ɗauke da ƙananan fararen ƙwayoyi, ɗaya an rubuta Rhus tox 30C a jikinta. Cikin ikon Allah yanzu tana samun barci, gwiwar ta lafa, har wani lokaci tana sallah a tsaye. Damuwata ita ce wata biyu ke nan da ta ajiye maganin hawan jininta na asibiti, ta ce ba ta da buƙatarsa kuma. Da na yi magana sai Yaya ya turo mini wani bincike na wani asibiti a birnin Bristol na Ingila, wanda ya nuna kashi 70 cikin ɗari na masu zuwa wurinsu sun samu sauƙi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ina gudun a ce na raina Yaya ko ba na murna da lafiyar Umma. Shin maganin nan yana aiki? Me ya kamata in yi?

'Yar'uwarku daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Umma lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, kuma zan fara da abin da ba ya jira kafin mu zo kan batun bincike.

Wata biyu babu maganin hawan jini, ga dattijuwar da ta daɗe da cutar, lokaci ne mai tsawo, saboda haka ina roƙonki a auna jininta yau ko gobe, kuma kada makon nan ya ƙare ba a kai ta wurin likitan da ya rubuta mata maganin ba, domin shi zai faɗi yadda za ta koma kansa. Hawan jini ba ya cikin cututtukan da mutum yake ganewa ta yadda yake ji a jikinsa. Mutum yana iya tashi garau, ya ci abincinsa, ya yi hira da jikoki, alhali jinin yana sama yana gajiyar da zuciya, yana cin ƙoda da ƙananan jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har ranar da za a wayi gari baki ya karkace ko ɓarin jiki ya shanye. Idan aka auna aka ga 180 bisa 120 ko fiye, musamman in akwai matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko ciwon ƙirji, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ɗaya, to a wuce asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Yanzu sai mu duba abin da ke cikin kwalbar. Mutane da yawa suna ɗauka homiyofati maganin gargajiyar Indiya ne, amma asalinsa daga Jamus yake. Wani likita mai suna Samuel Hahnemann ne ya shimfiɗa shi a shekarar 1796, a zamanin da likitocin Turai suke zubar wa maras lafiya jini da yawa, suna ɗura masa zaiba da magungunan gudawa masu ƙarfi, har sau da yawa maganin ya fi cutar illa. Ra'ayinsa na farko shi ne cewa abin da ke haifar da wata alama a jikin mai lafiya zai iya warkar da irin wannan alamar a jikin maras lafiya. Na biyu kuma, wanda ya fi shafar tambayarki, shi ne cewa gwargwadon yadda aka tsarma magani aka girgiza shi, gwargwadon yadda ƙarfinsa yake ƙaruwa. Ga yadda ake yi: a ɗauki ɗigo ɗaya na ruwan tsiron (na kwalbar Umma sunansa Rhus tox) a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko sinadarin barasa, a girgiza da ƙarfi, wannan shi ne 1C. A ɗauki ɗigo ɗaya daga ciki a sake zubawa cikin wani sabon 99, ya zama 2C. Haka za a yi ta yi har sau 30 kafin a sami abin da aka rubuta a kwalbar Umma, sannan a ɗiga shi a kan 'yan ƙwayoyin sukari a bar su su bushe. Lissafin kimiyyar sinadarai ya nuna cewa tun daga wajen 12C da wuya a ce ko ƙwayar zarra ɗaya ta tsiron ta rage a ciki, balle a 30C, inda aka tsarma shi kashi ɗaya cikin adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 60 a bayansa. Masu haɗa maganin ba sa musun wannan lissafi. Abin da suke cewa shi ne ruwan yana riƙe tasirin abin da ya taɓa shi. Wani masani ɗan Faransa, Jacques Benveniste, ya buga sakamakon da ya yi kama da goyon bayan haka a mujallar Nature a 1988, amma da aka maimaita gwajin a ɗakin bincikensa ba tare da ma'aikatan sun san wace kwalba ce wace ba, sai sakamakon ya ɓace.

Wannan ne ya bambanta shi da maganin gargajiya irin namu na saiwa da sassaƙe da ganye. A cikin waɗannan akwai sinadari na gaske, wanda zai iya amfani kuma zai iya cutarwa, shi ya sa daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo kwinin, daga wani ganye dangin tazargade kuma masu bincike a ƙasar Sin suka fitar da sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau. Ƙwayar 30C kuwa, idan an haɗa ta yadda aka rubuta, sukari ce.

Amma sauƙin da Umma ta samu gaskiya ne, kuma ba na son ki fita daga wannan amsa da tunanin cewa ruɗin kai ne. Tambayar ita ce daga ina ya zo. Ciwon gwiwa irin na manya yana tashi yana lafawa da kansa, kuma mutum ba ya neman sabon magani sai lokacin da ciwon ya kai maƙura, don haka duk abin da aka fara a wannan lokacin, sauƙin da zai biyo baya a kansa za a rataya shi. Sannan ki dubi abin da ta samu ban da ƙwayoyin. Wani mutum da ake kira likita ya zauna awa guda yana tambayarta yadda take barci, abin da take son ci, abin da ke ɓata mata rai, ko zafi ya fi damunta ko sanyi, alhali ta saba bin dogon layi tun asuba domin ganawar 'yan mintoci. Ga kuma ɗanta da ke wata uwa duniya ya tuna da ita, ya ɗauki ɗawainiya ya aiko. Wannan duka yana rage damuwa, yana kawo barci, kuma wanda ya yi barci mai kyau ciwo ba ya cinsa kamar wanda ya kwana yana juyi.

Akwai wani dalili kuma da nake so ki bincika da kanki, domin ana yawan tsallake shi. Mai yiwuwa wani kaso na jin daɗin da take yi ya zo ne daga ajiye maganin asibitin. Amlodipine yana kumbura wa wasu ƙafa. Lisinopril yana sa wasu busasshen tari mai hana barci. Magungunan da ke sa fitsari kuwa suna tashin dattijo sau da yawa cikin dare, kuma suna hana shi riƙe alwala daga wannan sallah zuwa waccan, abin da iyayenmu mata ba kasafai suke iya faɗa wa likita namiji ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne yake damun Umma, to matsalar tana da sauƙin gyara, domin magungunan hawan jini iri-iri ne, ana iya canza mata wani ko a sauya lokacin shan sa.

Binciken da Yaya ya turo miki ba ƙirƙira ba ne. An buga shi a 2005, ya ƙunshi marasa lafiya 6,544 da aka gani cikin shekara shida a asibitin homiyofati na Bristol, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari sun ce sun samu sauƙi. A wannan shekarar ma an buga wani makamancinsa a kan mutum 3,981 a Jamus da Siwizalan, su ma da yawansu sun ce jikinsu ya yi dama. Masu goyon bayan homiyofati suna ƙaunar irin wannan bincike, suna cewa shi ne yake nuna abin da ke faruwa a aikin likita na yau da kullum, tare da mutane na gaske masu tarin cututtuka, saɓanin gwaje-gwajen da ake tace mahalartansu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin sanin yadda marasa lafiya suke ƙarewa a zahiri abu ne mai muhimmanci. Sai dai irin wannan bincike yana da babban giɓi, wato ba shi da abin kwatance. Manomin da ya barbaɗa wani gari a gonarsa da damina, gero ya yi kyau, ba zai san ko garin ne ya yi aiki ba sai in ya bar wasu kunyoyi a gefe bai barbaɗa musu ba, ruwa ɗaya ya dake su, sannan ya gwada amfanin da kowanne ya bayar. A Bristol babu wasu marasa lafiya masu irin cutar da aka bari ba tare da ƙwayoyin ba domin a ga nawa ne za su samu sauƙi da kansu. Waɗanda aka ƙirga kuma su ne waɗanda suka dawo ganin likita, wanda bai ji daɗi ba ya yi tafiyarsa ba ya cikin lissafi. An kuma ɗauki amsar ne a ɗakin likitan da ya ba da maganin, kuma kin san nauyin da ke tattare da duban idon mutumin da ya kyautata miki ki ce masa aikinsa bai yi ba. Abin da binciken ya tabbatar shi ne mutanen da suka ci gaba da zuwa sun gamsu. Bai raba tsakanin aikin ƙwayar da aikin lokaci da kulawa da sauran magungunan da suke sha ba.

Hanyar da ake raba su sananniya ce. A raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar wofi mai kama da shi sak, ba tare da maras lafiya ko likita ya san wanda ya sami wanne ba sai an gama. Tun a 1835 aka yi wa homiyofati irin wannan gwaji a birnin Nuremberg na Jamus, da gishirin da aka tsarma zuwa 30C da kuma ruwa zalla, ba a kuma sami bambancin a zo a gani ba. Shi kansa Rhus tox, ko da yake ba a tsarma shi kamar na hannun Umma ba, an gwada shi a Ingila a kan masu ciwon gwiwa da ƙugu, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1983: bai fi ƙwayar wofi ba, yayin da maganin ciwo na asibiti da aka haɗa su da shi ya fi su duka biyun. Gaskiya ne cewa a 1997 wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 89 ya ga alamar tasiri, kuma har yau ana kafa hujja da shi, amma marubutansa sun faɗa a ciki cewa ba su sami cuta ko ɗaya da hujjar ta wadatar a kanta ba, daga baya kuma suka nuna cewa gwargwadon ingancin gwaji, gwargwadon raguwar tasirin. A 2005 wasu masu bincike daga jami'ar Bern suka jera gwaje-gwajen homiyofati 110 da na magungunan asibiti 110, suka ga cewa a manyan gwaje-gwaje masu inganci tasirin na asibiti yana nan, na homiyofati kuwa ya yi daidai da na ƙwayar wofi. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta bi nazari 176 a kan larurori 61, ta sanar a 2015 cewa babu larura ɗaya da aka sami ingantacciyar hujjar cewa yana maganinta.

Za a iya ce miki waɗannan gwaje-gwajen ba su yi wa homiyofati adalci ba, domin shi ana zaɓa wa kowane mutum ƙwayarsa ne bayan doguwar ganawa. To, an gwada shi a haka ma, kuma wannan gwajin ne na fi so ki riƙe. Masu bincike daga jami'ar Southampton ta Ingila sun ɗauki mutum 83 masu amosanin gaɓɓai, dukansu suna kan maganinsu na asibiti. Wasu aka ba su doguwar ganawa da likitan homiyofati, wasu ba a ba su ba, sannan a cikin kowane ɓangare wasu suka sami maganin homiyofati, wasu suka sami na wofi. Sakamakon da ya fito a mujallar Rheumatology a 2011 ya nuna cewa waɗanda aka zauna da su aka saurare su sun samu wani sauƙi na gaske, ko wace ƙwaya aka ba su, ita kuwa ƙwayar ba ta ƙara komai ba. Waɗanda suka yi binciken ba maƙiyan homiyofati ba ne. A ganina wannan ya bayyana labarin Umma kusan gaba ɗaya, kuma ya kamata ya sa mu ma'aikatan asibiti mu ji nauyi, domin sauraron nan hakkin maras lafiya ne a kanmu.

Inda haɗarin yake shi ne kulawa da kyakkyawan zato suna gyara yadda mutum yake ji, amma ba sa gyara abin da na'ura take aunawa. An ga wannan ƙarara a wani gwaji da aka yi a Amurka a kan masu asma, wanda aka buga a 2011. Waɗanda suka shaƙi maganin gaske da waɗanda suka shaƙi na wofi kusan daidai suka ce numfashinsu ya buɗe, amma da aka auna huhunsu, na gasken ya ƙara ƙarfin fitar iska da kashi 20 cikin ɗari, na wofin kuwa kusan kashi 7, daidai da wanda ba a ba shi komai ba. A ciwon gwiwa, yadda Umma take ji shi ne babban ma'auni. A hawan jini kuwa lambar da ke fitowa a na'ura ita ce ma'auni, ko tana jin daɗin jikinta ko ba ta ji.

Kada ki ga laifin Yaya da yawa. A Indiya homiyofati yana da kwalejoji da digiri da asibitocin gwamnati, kuma yana ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH, mai kula da magungunan gargajiya da makamantansu, da aka kafa a 2014, don haka wanda yake zaune a can zai ɗauke shi abu tabbatacce. Sai dai rajistar gwamnati tana nuna an tsara sana'a ne, ba ta tabbatar da aikin magani. Wasu ƙasashen da suka zauna suka auna hujjar sun ja baya: hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta a 2017 su daina rubuta shi, Faransa kuma, inda ya yi farin jini sosai, ta daina biyan kuɗinsa daga asusun inshorar lafiya tun farkon 2021.

Ki tattara kwalaben duka ki karanta abin da ke jikinsu, domin ba kowace ce sukari zalla ba. Wadda aka rubuta wa Q, ko ƙaramar lamba da X kamar 2X ko 3X, tana ɗauke da sinadari na gaske. A Indiya ana yawan ba masu hawan jini ruwan tsiron Rauwolfia a wannan siga, kuma a cikinsa akwai reserpine, tsohon maganin hawan jini mai iya kawo kasala da baƙin ciki, wanda bai kamata a haɗa shi da na asibiti ba tare da sanin likita ba. Na ruwa kuma galibi a cikin sinadarin barasa ake haɗa su, abin da Umma za ta so ta sani. Ki zuba su a jaka ki tafi da su asibiti, a nuna wa likita ba tare da ɓoye komai ba.

Game da ƙwayar gwiwar, ra'ayina shi ne kuɗin da ake kashewa a kanta ya fi amfani a wurin likitan gashin ƙashi, wanda zai koya mata motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya, domin wannan da rage nauyi su ne suka fi taimakon gwiwa a tsawon lokaci. Duk da haka ba zan ba ki shawarar ki buɗe rigima a kanta yanzu ba. Idan 30C ce, ba za ta cutar da ita ba, kuma in kika nemi ƙwace duka a lokaci guda kina iya rasa mai muhimmancin. Abin da ya fi wannan ƙwayar haɗari ma shi ne diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ana sha kullum saboda gwiwa, domin suna ɗaga jini kuma suna taɓa ƙoda da ciki.

Ki fara da Yaya, ke da shi kaɗai, ba a zauren iyali na WhatsApp ba inda kowa zai sa baki. Ki fara da yi masa godiya, domin ya cancanta, sannan ki ce masa: "Yaya, ba ƙwayoyin gwiwar nake ja da su ba, maganin jinin da ta ajiye ne yake hana ni barci. Don Allah ka tambayi likitan nan kai tsaye ko shi ya ce ta daina." Sau da yawa za a tarar ba wanda ya ce ta daina, ita ce ta yanke da ta ji sauƙi, kuma kalma ɗaya daga bakin Yaya za ta mayar da ita. In kuwa mutumin ne ya ba da umarnin ajiye maganin ga dattijuwar da bai taɓa auna jininta ba, wannan kaɗai ya isa dalilin rabuwa da shi, kuma ina kyautata zaton Yaya zai gane haka da kansa.

Umma kuwa kada ki je mata da sunayen mujallu. Ki sayi na'urar awon jini irin ta damtse, ki zauna kusa da ita bayan sallar asuba kafin ta karya, ta huta minti biyar ta jingina bayanta, ƙafafunta a ƙasa, hannunta a kan matashi daidai ƙirji, ki auna sau biyu, ki sake da daddare, ki rubuta a littafi da kwanan wata. Ki bar ta ta ga lambobin da idonta, kuma ko sun yi kyau ko sun kai 140 bisa 90, littafin ya tafi tare da ku wurin likita, shi zai yanke hukunci. A wannan zaman ne za ki tambaye ta a hankali abin da maganin asibitin yake yi mata wanda ba ta so, ko ƙafa ce, ko tari, ko fitsarin dare. Ranar asibiti ki raka ta har cikin ɗakin likita, ki faɗi wannan da bakinki idan kunya ta hana ta, ki kuma roƙi a duba ƙodarta da sukarin jininta tunda an yi wata biyu babu magani.